Shuɗin Layi a Bayan Gidanmu

Dutse, 4 ga Maris

Yaya Dunoma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, albishir nake tafe da shi. Aikin sabuwar magudanar ruwan unguwarmu ya faɗo teburina. Yanzu ba igiyar awo ake ja ba, Yaya. Hoton tauraron ɗan'adam muke buɗewa a kwamfuta, mu ɗora gidaje, mu ɗora gangaren ruwa, na'ura ta nuna inda ya kamata a haƙa. To, layin da ta fitar ta tsakiyar shagonka ya bi. Ni kuwa na karkatar da shi zuwa filin bayan gidanmu, gindin darbejiya, tunda babu komai a wurin. Ka ga amfanin karatun da kake cewa ya raba ni da gida.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Mu'azzam

Kazaure, 11 ga Maris

Mu'azzam,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. Na gode da shago. Tambaya ɗaya ce da ni: za ka zo ka taka filin da ƙafarka kafin ka sa hannu?

Wassalam.
Dunoma

Dutse, 19 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ƙa'idar aiki ta ce a je a duba, gaskiya ne, amma wannan don baƙon wuri ne. Shugabanmu ma ya tambaya, na ce masa a nan aka yanke min cibiya, me zan gani wanda ban sani ba? Hoton tas yake, har turken akuyar Bahijja matarka ina hangowa. Na sa hannu jiya. A taswira shuɗin layi ne, gwanin kyau.

Allah ya bar zumunci.
Mu'azzam

Kazaure, 16 ga Afrilu

Mu'azzam,

Salamu alaikum. Katafila ta zo ranar Talata, ta bi shuɗin layinka daidai, ko taku ɗaya ba ta kauce ba. Sannu da aiki.

Yanzu ga abin da hotonka bai nuna maka ba. Shekarar ambaliya da Inna ta rasu, ruwa ya shanye hanyar maƙabarta, makara ba ta wucewa. Liman ya ce a sa ta a gida. A gindin darbejiyar nan muka binne ta, muka kafa fasasshen tulu a wajen kai. Damina bakwai ta baje ƙasar. Kai kana can wajen kwas, sai bayan sadakar arba'in ka zo, ka kwana ɗaya, ka yi ta duba agogo. Shekara bakwai ina jira ka ce, "Yaya, ina aka kwantar da ita?" Ba ka taɓa tambaya ba. Bahijja ta yi kuka ta ce in buga maka waya, na ƙi. Har yau haushinka nake ji, kuma ban ɓoye ba.

Wassalam.
Dunoma

Dutse, 18 ga Afrilu

Yaya,

Salamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kira ka ya fi sau talatin, ba ka ɗauka ba. Na yi laifi, na yarda, ka zage ni yadda kake so. Amma don girman Allah ka faɗa min abu ɗaya: ƙarfen ya taɓa ta?

Ina durƙushe a gabanka.
Mu'azzam

Kazaure, 2 ga Mayu

Mu'azzam,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarka tun mako biyu da suka wuce.

Bai taɓa ta ba. Tun ranar da ka ce ka sa hannu, ni da Liman da Kawu Ashiru muka ɗauke ta, muka yi mata sabon likkafani, muka kai ta maƙabarta. Liman ya tsufa, ba zai iya gane wurin ba. Kawu kuwa na roƙe shi ya yi shiru, ya amsa.

Mun baje ƙasar sabon kabarin, ba mu kafa tulu ba. Ka buɗe kwamfutarka ka nemo ta.

Ka huta lafiya.
Dunoma