Kwalbatin Tsamiyar Auta

Tsamiyar Auta, Lahadi.

Yaya Sharfaddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, da Anti Maijidda da yara. Takarda na ba direba, don waya ɗaya ce a gidan nan, tana aljihun maigidana Baban Fadila, maganar kuma ba ta kunnensa ba ce.

Mun ji ƙaramar hukuma ta ɗora ka kan masu karɓar harajin kasuwarmu. Don Allah kada ka zo ranar Laraba, ranar kasuwa. Ka san kwalbatin rafin nan da ruwa ya cinye bara. Makon jiya naƙuda ta kama Kubura maƙwabciyata, motar da aka kira ta tsaya a ƙetare. A amalanke aka ɗauko ta, kafin a haye rai ya yi halinsa. Daga maƙabarta masu sayar da dabbobi suka wuce masallaci, suka rantse ba mai ƙara biyan ko sisi a kara sai an gyara. Baban Fadila suka sa gaba. Cewa yake, "Kowace akuya ta shigo sai an yanka mata rasit, ina kuɗin suke zuwa?" Ni ban sani ba. Kai fa?

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Haulatu.

Daura, Litinin.

Haulatu,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Allah Ya jiƙan Kubura, Ya ba danginta haƙuri.

Ni karɓa nake yi in kai, ba ni nake rabawa ba. Maganar kwalbatin na sha kai ta sama, ana ce min sai kasafi na gaba. Amma ki faɗa wa mijinki Mainasara cewa daga ɗan abin da ake tarawa ake biyan ungozomar asibitinku, da man injin rijiyar burtsatse. Ranar da kara ta daina biya, su za a fara yanke wa, ba motar Ciyaman ba.

Zan zo, kuma an ce in zo da 'yan sanda. In na ƙi, abokin aikina Saminu za a turo, shi kuwa ba ya sauraron kowa. Ki lallashi mijinki ya zauna a gida. Ban taɓa roƙonki komai ba sai yau.

Yayanki, Sharfaddeen.

Tsamiyar Auta, Alhamis.

Yaya,

Ina gaishe ka, don Inna ba ta koya mana fara magana ba gaisuwa ba.

Ka zo ka ga kara wayam, sai turaka. Tun da safe suka kora dabbobin suka ci kasuwarsu a ƙetaren iyaka, cikin Nijar. Ba ku samu ba, mu ma ba mu samu ba. Wainar da na soya tana nan a kwano, haka duk matan da ke sayar da abinci.

Na faɗa masa saƙonka, ya zauna a gida kamar yadda ka roƙa. A nan ƙofar gida suka kama shi, gaban Fadila, kana tsaye ka sunkuyar da kai. Ka san za a yi haka? Yanzu garin nan cewa ake da ni aka haɗa baki. Surukata ta daina amsa gaisuwata.

Na biyo ku har rafi, na ga motarku ta kafe a laka ga hadari ya haɗo. Jama'a sun tsaya a gaɓa suna kallo, har wasu samari sun fara tsintar duwatsu. Da kunnena na ji Baban Fadila ya leƙo, hannunsa a ɗaure, ya ce, "Ku zubar, ku zo ku tura. Rai ɗaya ya ishe mu a rafin nan." Suka tura motar da za ta tafi da shi.

Ka dawo min da mijina.

Haulatu.

Daura, Asabar.

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ko ba za ki amsa ba. Wallahi ban san da sunansa aka taho ba sai da muka shigo gari. Da na sani da cewa zan yi ya bar garin.

Na tsaya masa an ba da belinsa, yana gidana, gobe zai taho. Jiya an zauna da Ciyaman da Dagacinku. Na miƙe na faɗi abin da na gani a rafi, na ce wata kasuwar ma muna iya rasa ta. Kafin la'asar aka ɗauke ni daga aikin, aka ba Saminu.

Ga abin da aka yanke: duk harajin kara na daminar nan a kan kwalbatin za a kashe shi, mutanen gari su sa ido. Sharaɗin shi ne kara ta dawo tukuna. Mainasara ya ce a fara aiki tukuna. A haka aka tashi. Kada ki tambaye ni ko za su cika alkawari, ni ma ban sani ba. Abin da na sani, an riga an tsayar da albashin ungozoma.

Ki yafe min. Ki gaida Fadila.

Sharfaddeen.

Tsamiyar Auta, Talata.

Yaya,

Na amsa gaisuwarka. Allah Ya musanya maka da aikin da ya fi.

Jiya tifa ta zo ta juye yashi a bakin rafi. Yashi kawai, ba siminti, ba lebura. Gari ya rabu. Wasu sun ce alama ce, a dawo. Wasu sun ce a can Nijar har rumfa aka kafa musu. Ungozoma ta ɗaure kayanta, ta ce tana jiran ta ga gobe.

Baban Fadila ya ware raguna biyu ya wanke su, kuma duk inda ya nufa nan jama'a za su bi. Na tambaye shi wace hanya, kara ko Nijar. Ya dube ni, ya ci gaba da gyara igiya.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka, Haulatu.