Auta Ta Daina Magana

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Inna ta lafa, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, sai dai mita ta ƙaru, ka kuwa san a wurinta alamar lafiya ke nan. Baban yara yana kan hanya da motar kaya kamar kullum, ni kuma ina kan keken ɗinkina. Iyakar labari mai daɗin ke nan, Yaya. Sauran na daɗe ina juya shi a raina kafin na iya ɗaukar biro.

Maganar Autata ce. Bara makarantarsu ta buɗe shafi a intanet don iyaye, kuma tsakani da Allah shafin ya yi mana rana. Da iska ta yaye rufin ajin ƙanana, hoto ɗaya suka saka, kafin mako ya zagayo iyaye da tsofaffin ɗalibai sun kawo kwano da ƙusa, wani kafinta ya buga kyauta. Daga nan suka fito da sabon tsari: duk Litinin ɗalibi ɗaya zai tsaya a taron safe ya karanta labaran makaranta, malamin kwamfuta yana riƙe da waya ana nunawa kai tsaye, iyaye suna kallo daga shaguna da ofisoshi suna sa albarka a ƙasa. Bi da bi ake yi, ba a tsallake kowa, kuma shugabar makarantar tana alfahari da hakan.

Ka tafi Auta tana goye, shi ya sa ba ka sani ba, tana da i'ina. A gida ba ta dame mu ba, mukan jira ta ne ta ƙarasa, kuma duk da haka ta fi kowa surutu. Da layi ya zo kanta na so in je in roƙa a ɗauke mata, ita ta hana ni, wai ita ma mutum ce. Ta yi ta gwaji a gaban madubin shagona har na haddace labaran. Ranar na tsayar da keke, ni da masu kawo ɗinki muka haɗa kai a kan wayata. Layin farko ya fita sumul. A na biyu kalma ta maƙale. Ta runtse ido, leɓe yana rawa, tana buga ƙafa a ƙasa, yara suka fashe da dariya, shi kuma malamin maimakon ya kawar da wayar sai ya ƙara matsowa da ita. Daga baya ya ce min ya ga kamar yankewa zai fi zama cin fuska. Duk da haka ta ƙarasa karatunta har ƙarshe, wannan kam ba wanda ya yaɗa.

Wani marar tsoron Allah ya yanko daidai wurin, ya ɗora masa kiɗa yadda bugun ƙafarta zai hau kan ganga. Kafin ka ce kwabo ya zagaye gari. Samarin bakin layi suna kwaikwayonta in ta wuce. Wata mata ta zo awo, tef ɗina yana zagaye da ƙugunta, ta miƙo min wayarta tana dariya har da hawaye, wai in ga abin da zai wanke min zuciya. Ba ta san 'yata ba ce. Wallahi ban san yadda na ƙarasa awon nan ba.

Na je makarantar raina a ɓace. Shugabar ta karɓe ni hannu biyu, ta ba ni haƙuri, ta sa aka cire bidiyon a gabana, amma ta ce wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ya fi ƙarfinta. Magana zarar bunu ce, na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wanda suka yi washegari ba tare da sun tambaye ni ba. Suka saka ƙaton hotonta a shafin da cikakken sunanta da ajinta, wai jarumarmu, kowa ya tsaya tare da ita. Garin neman gira aka rasa ido, wanda da bai san 'yar wa ba ce yanzu har ƙofar gidanmu ya sani. Kuma wai so suke ta sake tsayawa wata Litinin don duniya ta ga ba ta karaya ba. Na ce musu 'yata ba allon talla ba ce.

Yaya, tun daga ranar hoton Auta ba ta sake furta kalma ba. Ba a makaranta kaɗai ba, har a gida. Sai ɗaga kai da nuni da yatsa. Inna ta tsokane ta da duk tsokanar da ke tsakaninsu, ko murmushi babu. Likita ya duba ya ce maƙogwaronta lafiya lau, a ba ta lokaci. Babanta ya ce a canza mata makaranta, na ce wace makaranta ce babu waya? Shekaranjiya dutsen guga ya ƙone ta a hannu a shago, ina kusa da ita ban sani ba, sai da na ga fatar ta tashi. Yarinyar da ko sauro ya cije ta sai unguwa ta ji. Tsoro nake ji ƙwarai, kada shirun nan ya zauna mata.

Yanzu ka yafe min, zan taɓa abin da ba ma taɓawa a gidanmu. Kai ma kana da i'ina, taka ma ta fi tata nauyi. Na san dalilin da ya sa kullum saƙo kake rubutowa, ba ka kira, na kuma san dalilin da ya sa ka zaɓi aiki da injina. Ban taɓa ganin laifinka ba. Amma Auta ba ta taɓa jin babban mutum mai i'ina ba, mai aiki da mata da 'ya'ya, gani take ita kaɗai Allah Ya yi haka. Mu duk mun lallashe ta, sai dai da harshe mai santsi muke lallashin, me muka sani? Don Allah, don darajar iyayenmu, ka kira ta. Kada ka rubuto, kada ka shirya abin faɗa, kada ka yi dabarar nan taka ta sauya kalma in ta ƙi fita. Ka bar kalmar ta maƙale, Auta ta ji ka da kunnenta har ka ƙarasa. Zan miƙa mata wayar in fita daga ɗakin, ba wanda zai ji sai ita. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne, amma ba ni da wata ƙofar.

Ka gaishe min da Anti da kyau, da babban ɗanka da 'yan biyu. Inna tana sa maka albarka, baban yara da yayyen Auta duk suna gaisuwa. Wayata tana kunne kowane lokaci. In ka kira ka ji shiru kada ka kashe, ita ce.

Taka ƙanwa,
Maman Auta