Kwabon Baba Alfred da Na Goge

Zuwa ga Goggo Safiyatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da kowa a Zonkwa. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu a Manchester lafiya lau, maigidana Nyam yana ta aiki, 'yarmu Zoe ta shiga makaranta.

Goggo, na yi abin kunya, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Kin san surukina Baba Alfred yana zaune tare da mu a unguwar Withington. Tun da ya yi ritaya ba shi da abin so kamar tara tsofaffin kuɗin azurfa na sarakunan Ingila, irin waɗanda aka buga da guduma ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani kwabo baƙi ƙirin da marigayiya Mama, matarsa, ta saya masa, yana zaton na Sarki Edward na Ɗaya ne. Ya shirya kai shi Birmingham wurin wani masani ya karanta masa garin da aka buga shi.

Ni kuwa da rawar kaina, na ce surukina ba zai fita da datti a gaban Turawa ba. Na samo lemun tsami da man goge haƙori na dirje shi, yadda kika koya mini da warwaronki, har ya yi fari fes. Na mayar cikin takardarsa ban faɗa ba, wai in ba shi mamaki.

Ni na raka shi. Masanin na buɗewa ya ɓata fuska, ya ce wannan baƙin shi ne darajarsa, shekara ɗari bakwai ya ɗauka yana taruwa, kuma haruffan sunan garin da ke kewaye da gicciyen bayan kwabon sun shafe. Ya tambayi wanda ya yi wannan ɓarna. Baba ya dubi yatsuna, sannan ya ce shi ne, tsufa ne ya ja masa.

A jirgin ƙasa na durƙusa na faɗi gaskiya ina kuka. Ya ce in tashi, ya yafe. Har yau da fara'a yake amsa gaisuwata. Amma akwatin tsofaffin kuɗinsa da bai taɓa kullewa ba, jiya da na shiga shara na tarar da kwaɗo a jikinsa.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Kawu Bobai, da Clara da yaranta.

'Yarki,
Raki