Alamar da Mamman Ya Buga

Laraba da dare, watan Safar

Yau na ɗaura sabuwar sarƙar taimin, mai daidaita bugun inji, a injin a-kori-kurar Alhaji Sani na Bungudu. Sati biyu injin yana warwatse a kan buhu. Wannan aikin shi ne mai haɗari, don in aka kuskure haƙorin giya ɗaya, fistin zai daki bawul a cikin injin, duk wahalar ta tashi a banza.

Alamar saiti da ke jikin giyar sarƙar ta shafe, idona kuma ba na da ba ne. Alhaji yana tsaye a kaina.

"Baba, mu kai ma masu kwamfuta a Tudun Wada mana. Hatsin mutane na jirana Tsafe."

Na ce, "Alhaji, kwamfuta ta riga ni sanin wagga mota?"

Shekarun baya ni da abokin aikina, marigayi Mamman, mun taɓa buɗe injin nan. Shi ya buga tamu alamar da ƙusa da guduma a bayan giyar, inda ba mai dubawa. Na goge baƙin mai, na yi ta lalube da ɗan yatsa har na ji ta. Na saita, na juya injin da hannu sau biyu, bai cije ba. Da muka rufe aka tada, ya kama lafiya lau.

Alhaji ya yi dariya, wai sa'a ce. Na shiga tattara kayan aikina. Duk garejin nan ba sauran wanda ya san Mamman, to wa zan gaya ma? Na wanke hannuna da kananzir, na taho gida ni kaɗai.

Allah ya jiƙanka, Mamman. Yau ma kai ka fid da ni kunya.