Kafin Kunnen Dama Ya Rufe

Zuwa ga aminina Dogo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar? Mu nan sai godiya, ban da abu ɗaya da ya sa na ɗauki biro maimakon waya.

Kunnena ne, Dogo. Na hagu ya daɗe da tafiya, ka sani. Yanzu na dama ma ya kama hanya. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, babu magani, in na yi sa'a in kai wata uku ina ji. Keken ɗinkin da na shekara arba'in ina tsine wa ƙararsa, yanzu sai na sunkuya nake jin sa. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Na zauna ina zaɓen abin da zan saurara kafin a rufe. Waƙoƙin yanzu ban ko waiwaye su ba. Kiɗa na inji, murya inji ya goge ta tas, ko numfashin mawaƙi ba ka ji. A zamaninmu makaɗi zai kuskure, mawaƙi ya yi dariya a tsakiyar baiti, a bar abin haka a faifai. Amma kar in yi ƙarya, akwai wata sabuwar mawaƙiya da maƙwabcina mai aski ke yawan sawa, tana yi wa mahaifiyarta waƙa. Ranar da na fara jin ta sai da na ɗinka hannun riga a baibai. Kar ka gaya wa kowa.

Roƙona ɗaya ne. Ka tuna kaset ɗinmu na haɗin gwiwa, lokacin muna samari, ɗaki ɗaya, rediyo ɗaya? Fuskar farko tawa, ta biyu taka, ba mai ɗaukar waƙa a kan ta ɗan'uwansa. A ƙarshen taka akwai waƙar matafiyin nan da ya dawo ya tarar an rushe gidansu. Mai gabatar da shiri ya riga ya faɗi sunan mawaƙin kafin ka danna maɓallin ɗauka, shi ya sa har yau ba mu san ko wane ne ba. Na nema har na gaji. Da aka yi maka canjin wurin aiki kaset ɗin ya bi ka. Ka aiko min shi, ina so in ji ta ko sau ɗaya. Kuma don Allah ban da irin nawar nan taka.

Maiɗakina tana gaishe ku.

Naka,
Tela

Aminina Dogo,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna ƙalau. Saƙonka ya iso jiya da hantsi, na gode.

Ba ka yi nawa ba, kunnen ne bai cika alkawarin likita ba. Kwana tara ke nan da na farka na ga bakin maiɗakina yana motsi, ban ji komai ba.

Duk da haka na kakkaɓe tsohuwar rikoda, na ɗora ta a teburin yanka, na sa kaset ɗin. Na kira maiɗakina ta zauna ta ji a madadina. Ni ina kallon zaren yana juyawa, ina kallon fuskarta. Da farko ta yi dariya har da riƙe ciki. Can sai ta daina, ta kai gefen mayafi ido.

Ta jawo kwalin da nake zana wuyan riga a kai, ta rubuta min abin da ke cikin kaset ɗin. Wai ka fara da ban haƙuri, ka ce laima ta cinye tsohon kaset ɗin tuntuni. Sai ka nemo sabo da ƙyar, ka zauna ka rera waƙar da bakinka, kana buga tebur, tun daga fari har ƙarshe. Wai sau biyu tari ya katse ka, ka koma baya ka ɗora.

Dogo, shekara shida muna ɗaki ɗaya. Duk sanda ka buɗe baki za ka bi waƙa, sai in ce ka yi mana shiru ka bar masu murya su yi. Ko sau ɗaya ban taɓa bari ka kai ƙarshen baiti ba. Yau ka kai, ni kuma ban ji ba.

Ka yafe min.

Naka har kullum,
Tela