Ba Na Iya Karatu Sai A Bencin Asibiti

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara, na ƙulla abin da na kasa kwancewa, kuma abin kunyar shi ne duk a kan karatun littafi ne. Na san masu rubuto miki da manyan matsaloli suke zuwa. Tawa idan kika ji farkonta dariya za ki yi, ni ma na yi, amma yanzu ta daina ba ni dariya.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, 'ya'yana huɗu. Maigidana kafinta ne. Shekarun baya ƙodarsa ta samu matsala, aka ɗora shi a kan wankin ƙoda, Litinin da Alhamis, kowane zuwa awa huɗu. Ni nake raka shi. Ba a barin mai jinya ya zauna a ciki, sai a waje, a wata doguwar baranda mai bencin ƙarfe uku da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Watannin farko ƙofa kawai nake kallo, gabana na faɗuwa duk lokacin da aka buɗe ta. Wata rana na tarar wani ya manta littafi a kan benci, bangonsa ya cire, farkonsa ma babu. Na ɗauka don in rage zulumi. Ban ɗago kai ba sai da nas ta taɓa kafaɗata ta ce an gama.

Tun da na bar makaranta ban taɓa karanta littafi daga farko har ƙarshe ba. A barandar nan, cikin shekara uku, na karanta abin da ban san adadinsa ba. Babbar 'yata ke aro mini a makarantarsu: labarai, tarihi, har da wani a kan rayuwar ƙudan zuma da na yi wa karatu biyu, na addabi gidan da zancen zuma har yara suka sa mini suna. Ana tura keken marasa lafiya, ana kiran sunaye, wani na waya kamar da kurma yake magana, mai goge ƙasa ta zo ta ce a ɗaga ƙafa, ni kuwa in ɗaga ƙafa ba tare da na ɗaga ido ba.

To, Allah ya kawo sauƙi. Ƙanensa ya ba shi ƙoda ɗaya, aiki ya yi kyau, yau wata goma sha huɗu ke nan. Ya murmure, ya yi kumatu, ya koma shago kaɗan-kaɗan. Abu na farko da ya ƙera da ƙarfinsa ya dawo kujera ce, tawa. Mai hannu, mai wurin miƙe ƙafa, da ɗan akwati a gefe na ajiye littafi. Ya ce shekara uku ina zaman ƙarfe saboda shi, yanzu lokacin zaman laushi ne. Ya ajiye ta a falo kusa da taga, daura da keken ɗinkina. Ranar har hawaye na yi.

Anti, ko shafi biyu ban taɓa yi a kujerar nan ba. Layi ɗaya sai in maimaita shi sau biyar ban san me ya ce ba. Ido na kan takarda, kunne na bakin ƙofa. Mai karɓar ɗinki ta yi sallama, autana na neman takalminsa ƙafa ɗaya, tukunya na kan wuta. Ko babu kowa a gidan ma haka ne, sai in hango guntun zare a ƙasa, in tuna rigar da ban sa wa maɓalli ba, shi ke nan na miƙe. In maigida ya shigo sai in juya shafi don ya ji daɗi, shi kuma ya wuce da sanɗa wai kada ya dame ni.

Abin ya ba ni mamaki har na shiga gwaje-gwaje, don ni mutum ce mai son sanin dalilin abu. Na kulle kaina a ɗaki, na toshe kunne da auduga, sai na koma sauraren bugun zuciyata. Na je ɗakin karatu na unguwarmu, shirun wurin ya yi mini yawa, tari ma sai mutum ya ji kamar ya yi laifi, barci ya kwashe ni. Na ce ko taurin benci ne sirrin, na zauna a kan dandamalin siminti, ban tashi da komai ba sai ciwon baya. Kada ki faɗa wa kowa, har maganin goge ƙasa mai warin asibiti na sayo na goge ɗakina da shi, yara suka yi ta tambaya ko wani ne ba shi da lafiya. Sau ɗaya kawai abin ya ɗan yi: ranar da na kai keken ɗinkina gyara, mai gyaran ya ce in jira. Na yi shafi talatin a kan wani tsohon bokiti da ya kife mini. Da ya ce ya gama har haushi na ji.

Wata huɗu da suka wuce na je asibitin karɓo wa maigida magani. Da na fito sai ƙafata ta bi ta barandar nan, na ce bari in ɗan huta. Akwai littafi a jakata. Awa biyu na yi, kamar an buɗe famfo. Tun daga ranar nake komawa, Litinin da Alhamis, in ce na tafi sayen zare. A hanyar dawowa kuwa sai na saya, don kada ya zama ƙarya tsantsa. Zaren da ke gidana yanzu zai ishi telolin unguwa gaba ɗaya.

Akwai wata dattijuwa da ke kawo 'yarta wankin. Rana ta biyu ta tambaye ni waye nawa a ciki, bakina ya riga ni, na ce maigidana. Tun daga nan kullum sai ta yi masa addu'a, ta matsa mini wuri, ta ce in daure, ita da ke ɗauke da nata nauyin. Ni kuwa sai in amsa da amin.

Asirin ya tonu mako biyu da suka wuce. Maƙwabciyar yayar maigidana ta gan ni a wurin, ta kai labari. Yaya ta zo gidan da kuka, a gabansa, wai ƙodar ta sake lalacewa muna ɓoye wa dangi. Na rikice, na ce gaishe da nas-nas na je yi. Amma tun ranar, kullum da safe ina ganin maigida yana danna ƙwaurinsa da babban yatsa yana duba kumburi. Ya rage shan ruwa, kamar lokacin ciwo. An kawo masa aikin ƙofofin wani gida da za a karɓa nan da wata uku, ya ce a kai wa wani. Shekaranjiya ya zaunar da ni, a hankali, ya ce idan likita ya kira ni gefe ya faɗa mini wani abu, kada in ɓoye masa, zai iya ɗauka. Na rantse babu komai. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya tabbata tausayinsa ake ji. Ranar ganin likitansa sai nan da mako biyar.

Anti, ta ina zan fara gaya wa mutum cewa lokacin da na fi jin daɗin karatu a rayuwata shi ne lokacin da jininsa ke bi ta cikin inji? Ina tsoron ya ji kamar kewar ciwonsa nake yi, kuma ya gane kujerarsa ba ta yi aiki ba. Wallahi ina son mijina, ba na fatan ya sake kwana ɗaya a wurin nan. Amma me ke cikin bencin nan? Ko akwai abin da ya taɓu a kaina ne?

Taki,
Mai zaman benci

*

'Yar uwa mai zaman benci,

Babu abin da ya taɓu a kanki, kuma na yi dariyar, musamman a wajen maganin goge ƙasa. Amma da na zo kan ƙofofin da maigidanki ya mayar, sai dariyar ta tsaya. Ki gaya masa gaskiya yau, ba bayan mako biyar ba. Abin da kike tsoron ya ji zai yi masa ciwo na yini ɗaya, wataƙila biyu. Abin da yake zato yanzu yana cinsa kowace safiya. Ga shi har ya fara rage ruwa da kansa, kuma wannan ba abin wasa ba ne ga mai dashen ƙoda. Ki kira asibitin ki nemi a matso da ranarsa, ki faɗa musu abin da ya fara yi, ya ji daga bakin likita, ya ga sakamako da idonsa. Rantsuwarki ta riga ta rage daraja a wurinsa, kuma ke kika jawo.

Tambayarki kuwa ta burge ni, kuma ina ganin kin amsa ta da kanki a kan bokitin mai gyaran keke. A can babu warin asibiti, babu mara lafiya, amma karatu ya zo. Abin da bokitin da bencin suka haɗa shi ne jira. A wuraren nan biyu an ce ki zauna, babu abin da hannunki zai iya yi, kuma wani ne zai ce ki tashi. Zaman da kansa aiki ne, don haka zuciyarki ba ta tuhume ki ba. A falonki kuwa, mace ta zauna da littafi, ga keke yana kallonta, kowa ya san ana iya kiranta, ita ma ta sani. Ba ciwonsa kike kewa ba. Awa huɗu kike kewa da babu mai iko da su, kuma ba ki taɓa samun irinsu ba sai a bakin ƙofar ciwo. Mata da yawa za su karanta wannan su ga kansu a ciki. Ni kaina a cikin mota nake karatu, a bakin makarantar jikokina, kuma da gangan nake zuwa da wuri.

Sai dai ki duba ɓangarensa da adalci. Mutum ya tashi daga ciwo, abin da ya fara tunani shi ne bayanki da ya sha ƙarfe. Bai yi kuskure a kujerar ba, wurin ajiye ta ne bai dace ba, kuma ke kika hana shi ganewa da juya shafin da kike yi. Ki ba shi matsalar ya warware, kafintoci na son a kawo musu abin da bai zauna daidai ba. Ina ganin kujerar ta koma shagonsa, can wani lungu nesa da ƙura. Ku tsayar da rana biyu, ki raka shi, ki zauna jiransa, shi zai ce an tashi. Wayarki ta zauna a aljihunsa, masu ɗinki kuma su san ranakun nan tela ba ta nan. In hayaniyar shago ta yi yawa, ki tuna kin yi karatu ana kiran sunaye a kanki. In hakan bai yi ba, ku gwada wani wurin, amma tare, da saninsa.

Barandar asibiti kuwa ki bar wa masu ita. Amma kada ki ɓace wa dattijuwar nan haka kawai, za ta ɗauka mijinki ya rasu, ta ƙara wa kanta tsoro a kan 'yarta. Ki je sau ɗaya, babu littafi a jaka, ki nemi afuwarta, ki gaya mata ya yi shekara uku a kan injin nan kuma yau yana kan ƙafarsa. Za ta iya jin haushi, tana da hakki. Amma a duk barandar babu labarin da take buƙata kamar wannan. Yaya ma ki kira ta da kanki.

Idan kin zauna da maigida, ki kula da abin da za ki fara faɗa. Kada ki fara da littafi, ko benci, ko neman gafara, domin duk tsawon bayaninki shi hukuncin likita zai yi ta jira. Ki fara da cewa lafiyarsa ƙalau, babu wanda ya kira ki gefe. Ki bari ya sauke numfashi, sannan ki ba shi labarin kamar yadda kika ba ni, har da zaren. In ya yi fushi ki ba shi lokaci, ya sha tsoron da bai kamata ya sha ba. Daga baya ki ce ya aika a dawo da aikin ƙofofin nan, yana da wata ukun da za a yi su.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka wa ƙanensa da alheri, ke kuma ya ba ki wurin zama da ba sai kin ɓoye ba.

Anti