Kalmar da Aka Soke da Jan Biro

Birnin Ƙonni, 9 ga watan Maris, 1995

Zuwa ga Yaya Hamidu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, da fatan ƙasa ta yi maka sauƙi.

Shekara goma ke nan ina riƙe da magana a bakina, ka hana ni wurin sauke ta. Sau uku na bi ka Sakkwato, sau uku aka ce ba ka nan, alhali ga takalmanka a bakin zaure. Yanzu ka tafi inda ba a sallama a fito. To, zan faɗa a takarda, tunda takarda ce ta raba mu. Wanda ya ga dama ya karanta.

Ka tuna shekarar da na ajiye alli a lakwal ɗin Tajaye, makarantar bokon da ake ce mini Mushe, wato malam, na koma Yamai ƙaro karatu, da furfura a gemuna. Babban malamin da ke duba aikina ya ba ni batu: hulɗar Nijar da arewacin Nijeriya. Ya ce duk littattafan da ke akwai waɗanda ba su taɓa shan ruwan Ƙonni ba ne suka rubuta su, ni kuwa ɗan iyaka ne, in je in rubuto abin da ido ya gani. Kaina ya kumbura. Da na gaya maka, sai da ka yi dariya har hularka ta faɗi. Ka ce, "Mushe, zuwa gidan Gwaggo ma yanzu sai an yi mashi digiri?"

Duk da haka kai ka ɗauke ni. Na zauna gaban motarka, kayan wake da albasar Badagishiri a baya, ina rubutu kana tuƙi. Ka kai ni gonar Kawu Idi, inda kunya ke farawa a Nijar ta ƙare a Nijeriya. Na buɗe taswira ina neman layin iyaka. Ka shuri ƙasa da ƙafa, ka ce, "Wanga layi naku a takarda yake."

Sai ruwa ya ƙi, rumbuna suka bushe, aka kuma rufe iyaka. Ka ajiye mota ka koma raƙuma. Da rana tsaka kuke bi ta bayan ƙauyen Dogarawa, kai da abokan tafiyarka, ku karɓo gero da masara wurin surukai da ƴan'uwa na ƙetare, ku raba gida gida. Na bi ku sau da yawa. Na zana hanyar, na sa rijiyar da kuke shayar da raƙuma, na sa ranakun tafiya, har sunayen mutane na sa. Ba ka hana ni ba. Cewa ka yi in rubuta, na Yamai su san yadda muka rayu.

Babin da na ba da labarin nan na sa masa suna da Hausa a tsakiyar Faransanci: zumunci. Na nemi kalmarsu da za ta ɗauke shi, ban samu ba.

Yaya, ga abin da ba ka bari na gaya maka ba. Ranar da na kai aikin, malamin ya karanta yana kaɗa kai. Da ya iso kan kalmar, sai ya ɗauki jan biro ya soke ta, ya rubuta tasu a sama, wadda ke nufin fasa-ƙwauri. Ya ce ilimi bai san zumunci ba, ilimi doka ya sani. Ina tsaye gabansa, ni da na karantar da ɗaruruwan yara, ni da na ci tuwon geron nan da bakina. Na ce masa to. Na koma ɗaki na bi shafi bayan shafi, duk inda kalmarmu take na cire ta da hannuna, na sa tasa.

Ya yaba. Ya ce aikin zai amfani gwamnati wajen zama da maƙwabta, ya aika kwafi wani buro, ofishin hukuma. Ban tambaya wane ba ne. Murna nake yi.

Sauran kai ka fi ni sani. Masu kaki suka jira ku a bakin rijiyar, riƙe da zanen hannuna. Aka kwashe hatsi, aka kora raƙuma, ka yi wata huɗu a kaso. Mutanen Dogarawa suka daina amsa sallamar gidanmu. Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, abin da aka ci a akushi ɗaya ba a kai shi buro.

Ranar da aka sake ka, ka zo ƙofata, ka ƙi tabarma, ka ƙi ruwa. Tambaya ɗaya ka yi: "Da wane suna ka kira mu a cikin takardar?" Na sunkuyar da kai. Ka juya, kafin damina ka kwashe iyalinka ka ƙetare.

Ina da ƙorafi a kanka, kuma zan faɗa. Ko alƙali yana jin ta bakin ɓarawo. Ban sayar da kai ba, ba wanda ya ba ni komai. Rauni ne irin na ɗan lakwal, wanda aka koya masa tun yana ƙarami cewa jan biro ba ya kuskure. Kai kuwa ka san yadda na zama ɗan lakwal. Ranar da aka zo ɗaukar yara, kai Baba ya ɓoye a rumbu, ni ya miƙa. Washegari kai ka goya ni har bakin aji ina kuka, ka cusa mini ƙuli-ƙuli a aljihu.

Digirin na samu, har da yabo. Yana cikin akwatin ƙarfe, gara ta ci gefensa. Ba wanda ya taɓa kira na ya tambaye ni komai game da Nijeriya. Bara na ji malamin nan a rediyo, an gayyace shi wani taro kan haɗin kan maƙwabta. Yana cewa mutanen ƙasashen biyu uwa ɗaya uba ɗaya ne, akwai ma kalmar Hausa mai kyau da ta ƙunshi wannan. Ya faɗe ta, Yaya. Ko furta ta bai iya ba. Aka yi masa tafi.

Iyaka a buɗe take yanzu, mata na zuwa suna da biki su dawo kafin la'asar. Amma labarin rasuwarka a tasha na tsince shi, bakin wani direban albasa da ya zaci na sani. An riga an yi sadakar arba'in.

Allah ya jiƙanka, ya sa geron da ka ɗauko wa mutane ya tsaya maka ranar awo. Allah ya haɗa ka da Inna da Baba. In ana yafiya a can, ka yafe mini.

Amsar tambayarka ita ce: da farko na kira ku da sunanku na gaskiya, daga baya na bari aka canza. Kai kaɗai ne wana, kuma har yau ban san inda kabarinka yake ba.

Ƙanenka,
Mushe Abdu